Makarantar da Ba Ta Taɓa Yajin Aiki Ba

Masu cewa babu abin da ke tafiya daidai a Najeriya ba su yi wa gidajen yarinmu adalci ba. Jami'o'i sun yi wata takwas a kulle a 2022, kotuna ma sun sha kwaɗo a 2021, amma wa ya taɓa jin Kurmawa ko Goron Dutse sun daina ɗaukar ɗalibai? Tun 1910 Kurmawa ke karɓar baƙi a tsakiyar birnin Kano, ba ta taɓa tambayar kowa takardar JAMB ba.

Shiga babu wuya, kuma nan ne gwanintar take. Cikin mutum kusan 80,000 da ke tsare a faɗin ƙasar, wajen biyu cikin uku babu alƙalin da ya same su da laifi. Ɗan sanda ya kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi, majistare ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, a ajiye shi tukuna sai shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Fayil ya tafi neman shawara, ɗan sandan kuma a yi masa canjin wurin aiki. Shi ke nan, an huta da kiran shaidu da surutun lauyoyi. Wanda laifinsa, in ma ya yi, bai wuce ɗaurin wata shida ba, sai a karrama shi da shekaru, don kada ya fita karatu bai nuna ba.

Karatun kuwa ba a ware aji. Yaron da ya zari waya a kasuwa, tabarmarsa ɗaya da gogaggen ɗan fashi da mai satar mutane, in an samu tabarmar ke nan. Cunkoson da 'yan kare haƙƙin bil'adama ke kuka da shi, ai shi ne ke kusanta ɗalibi da malami: dare da rana suna manne, numfashin wannan a ƙeyar wancan. Ya shigo bai iya ɓalle kwaɗo ba, ya fita ya san farashin bindiga da wanda ke ba da hayarta. Ƙazuwa da tarin fuka kyauta ne, ba a cajin kowa.

A Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake ciyar da fursuna a rana, karen hukumar kuwa naira 800. Wasu suka yi ta tsaki. Ni ban ga abin tsaki ba. Kare ma'aikaci ne, an tabbatar da amfaninsa. Mai jiran shari'a kuwa ko laifinsa ba a tabbatar ba, balle cikinsa. Daga baya an ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125, kuma a ciki ɗan kwangila zai sayi itace, ya fitar da ribarsa, ragowar ta zama gabza. Allah Ya sa kada ƙiba ta kama su.

Gyara ma an yi. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, aka sauya alluna, fenti ya yi kyau. Dokar ta tanadi hukunci ba tare da ɗauri ba, irin aikin gayya ga al'umma da sakin talala, har ta ba hukumar ikon ƙin karɓar sabon fursuna in gida ya cika. Sai dai mu mutane ne masu kunya. Ina aka taɓa korar baƙo daga ƙofa?

Ga kuma tattali. A Nuwamban 2023 aka saki mutum 4,068 da galibinsu talauci ne ya riƙe su, sun kasa biyan tara, bayan an tara musu naira miliyan 585. A raba, kowane bai kai naira 144,000 ba. Ciyar da shi a 750 kuwa ya haura 270,000 a shekara. Gwamnati ta yarda ta yi asarar kusan ninki biyu don kada talaka ya raina doka, kuma wannan ai sadaukarwa ce.

Inda kotu ta yi nawa, damina kan taimaka. Ambaliya ta buɗe Koton Karfe a 2019. A Afrilun 2024 ruwan dare ɗaya ya kwantar da katangar Suleja, ginin zamanin Turawa, sama da mutum 100 suka sallami kansu. A Satumban shekarar ruwan madatsar Alau ya yi wa fiye da 270 beli a Maiduguri, ba mai tsayawa, ba takardar fili.

Kada a ruɗe mu da labarin Norway. Can gandiroba sai ya yi karatun shekara biyu, fursuna a gidan Halden yana da ɗakinsa, yana koyon sana'a, sakamakon haka wajen ɗaya cikin biyar ne kawai ke komawa cikin shekara biyu. Makarantar da tsofaffin ɗalibanta ke guje mata, har makaranta ce? Holan ta bi irin wannan hanya, gidajen yarinta suka zama kufai, har ta ba Beljiyam hayar ɗaya. Namu kuwa, mutum ya fito babu jari, dangi na kulle ɗaki in ya shigo, ba mai ɗaukarsa ko gadi. Abin da ya rage a aljihunsa lambar wayar abokan ɗaki. Ba ya daɗewa yake dawowa gaishe da malamai.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne masu yi wa tsarin zagon ƙasa: jami'ar NOUN da ke ba fursunoni digiri kyauta, gandirobobin da ke koya musu kafinta da ɗinki, da manyan alƙalan jihohi da ke zagayawa suna sakin mutane don kawai an rasa fayil ɗinsu. An gina sabon gida mai cin mutum 3,000 a Janguza. In aka bar waɗannan mutane suka ci gaba da abin da suke yi, da wa za a cika shi?