Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Alhaji Kasafi, Mazaunin Bonkuku

Ranka ya daɗe, Alhaji Kasafin Kuɗin gundumar Imanan,

Ina fatan kana lafiya cikin kabad, kai da yayanka Kundin Raya Gunduma, wanda 'yan boko ke kira PDC. Ka miƙa masa gaisuwata, in gara ta bar masa kunnen ji.

Tun da aka yi zaɓen magadan gari na farko a 2004 muke zumunci da kai. Mu ne ke biyan lanho, mu ne ke yankar tikiti ranar kasuwa. A 2024 an rushe majalisun gundumomi, kantomomi suka karɓi kujeru, kai kuwa kana nan daram. To, tunda kai ne dattijon da ya rage a gidan, kai zan kawo wa ƙara.

Alhaji, kalandarka da ta ruwan sama ba sa ga maciji. Ana haihuwarka a Janairu, a yi jana'izarka a Disamba, ruwa kuwa bai san wannan lissafi ba. Wata shekara ya yi nawa har a yi shuka sau biyu gero bai tsaya ba, wata shekara ya zubo na sati uku a dare ɗaya. Aikin tarbarsa a bazara ake yinsa: a haƙa rabin wata da tassa a kan fako, a jera duwatsu a bakin ƙorama, a yashe magudana. In kuɗinka bai fito ba kafin Mayu, ya zama kuɗin jaje. Damina ta 2024 ta ci rayuka sama da 300 a Nijar, ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya. Bayan haka aka ga tabarmi da barguna da buhunan shinkafa. Mun gode, Allah ya saka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka leƙo Dallol Boso da hunturu ka ga abin da kake ci daga gare shi. Ruwa na kusa da ƙasa, mai lambu na tsaye da sanyin asuba yana jan igiyar injin ban ruwa, ganyen dankali ya rufe kunya kore shar. Dankalin nan na Bonkuku har Yamai ya yi suna. Sai dai ƙoramar da ke gangarowa daga tudu, inda aka sare itatuwa, ba ta zuwa hannu rabbana, yashi take ɗorawa a kan lambu da bakin rijiya. In kuma an yi girbi, kowa ya fito da nasa lokaci guda, zafi na matsowa, ba wurin ajiya mai kyau, dillali ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Shin akwai layi ɗaya a cikinka da ya san da wannan, ko duk man mota da kuɗin zaman taro sun cinye shafukan?

Na san amsarka: aljihu ba nauyi. Gaskiyarka. Mu da hayaƙinmu bai wuce na murhu da babur ba, mu ne ke shan zafin masana'antun wasu. A Kofanhegan a 2009 manyan ƙasashe sun yi alkawarin dalar Amurka biliyan 100 duk shekara don taimaka wa ƙasashe irin namu kan sauyin yanayi, a Baku a 2024 suka ɗaga zuwa biliyan 300. Idan ko jaka ɗaya daga ciki ta biyo hanyar Baleyara ta iso gare ka, don Allah ka sa a yi shela.

Amma fa ba komai ke jiran Bature ba. Manoman Maradi da Damagaram, tun bayan yunwar 1984, sun bar toho yana tashi a gonakinsu suna yi masa sassabe, har itatuwa suka dawo a miliyoyin eka. Gatari da haƙuri kawai abin ya ci. Mu kuwa duk 3 ga Agusta mu dasa itatuwa, a ɗauki hoto, kafin kaka akuya ta gama aikinta. Ka ware ɗan abin da za a yi shinge da na mai ban ruwa. Ka sa a shata burtali kafin shanun Azawak da manomin Kurfai su haɗu a gaban alƙali. Ka cika bankin hatsi da kaka, lokacin da tiya ke araha.

Roƙona na ƙarshe, Alhaji, ka fito daga Faransanci. A karanta ka a bainar jama'a da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, a ce ga abin da ya shigo, ga abin da aka ware wa ƙorama kaza, ga watan da za a fara. Wanda ya biya lanho ya cancanci jin inda dalarsa ta kwana.

Ka huta lafiya, amma kada hutun ya kai Yuni.

Naka mai biyayya,
Wani mai rasit a aljihu