Gangara Da Kuɗinka

A garin Whistler da ke lardin British Columbia na ƙasar Kanada, tun 1999 aka ware wani sashe na wani dutse mai cike da dogayen itatuwa domin masu keke. Mutum zai biya kuɗi, a rataya kekensa a jikin kujerar da ke bin waya, a ɗaga su sama, sannan ya sulalo ta cikin daji, tsakanin saiwoyi da duwatsu. Hawan ma an hutar da shi, wahalar gangarowa kawai ya saya.

Hanyoyin suna da launi. Kore ta ɗan koyo ce, shuɗiya ta mai ɗan ƙarfin hali, baƙa kuwa ta wanda ya riga ya biya bashinsa ya yafe wa kowa. Akwai wadda ake kira A-Line, tudu bayan tudu, inda keken ya fi daɗewa a iska bisa ƙasa. Ga kuma baƙaƙen beyar suna kiwo a gefen hanya, suna kallon ikon Allah.

Wani keken ya fi sabon babur tsada, alhali ba inji, ba fitila, ba wurin ɗaura buhu. Mai sha'awar zuwa ya sa hular kwano, ya gwada birki, ya kuma tambayi gidan mai ɗori tun kafin ya hau.