Waya Na Ji, Mai Waya Ba Ya Ji

A da, in aka ga mutum a Geza yana tafe yana surutu shi kaɗai har da wurga hannu, sai dangi su fara cigiyar mai ruƙiyya. Yanzu ko waiwaye ba a yi. An san da waya yake.

Tun da Google ya koya wa na'urarsa jin Hausa a 2024, wanda bai taɓa zaman aji ba ma ya samu magatakarda. Ka faɗa ta rubuta, ka tambaya ta nemo. Hannu ya huta, sai muka ɗauka hankali ma ya haihu.

Dubi ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja zuwa Tsamiya, bakin iyakar Benin. Hannu na kan totur, waya na maƙale cikin hula, yana tambayarta nawa jakar sefa ta kai yau. Ido ɗaya na kan rami, ɗayan na laluben kwastan. Fasinja na ta bubbuga masa kafaɗa: "Malam, ai mun wuce!" Ina zai ji? Kafin ya farga layinsa ya kamo na Benin, an yi masa maraba da Faransanci, kuɗin katinsa sun riga shi isa Segbana ba tare da fasfo ba.

Alhaji mai shago ya fi ban tausayi. Yana awon shinkafa, yana faɗa wa waya saƙon da za ta kai wa dillalinsa na Illo, yana kuma korar yaron da ya haye masa buhu. Ita waya baiwar Allah ba ta san wa ake wa faɗa ba, duk abin da ta ji rubutawa take. Dillali ya buɗe ya ga: "Salamu alaikum, a turo buhu goma, kai ɗan banza sauka daga nan, Allah ya bar zumunci." Zumuncin bai kai la'asar ba. Tiyar da ake ƙirgawa kuwa, mai saye ya rantse bakwai ce, Alhaji ya rantse tara, waya, shaida ɗaya tilo da ke wurin, tana caji.

An ce ba a gudu ana susar takashi. Wanda ya faɗa bai ga samarinmu ba.

Tun 2021 WhatsApp ya ba su damar ninka saurin saƙon murya. Inna ta yi minti biyar tana bayani, ɗanta ya saurara cikin biyu da rabi yana kallon ƙwallo, ya danna ya amsa: "To Inna, amin, amin, Allah ya ƙara girma."

Kuɗin taki ta tambaye shi.