Masu Raina Ruwan Gishiri da Sukari, Ku Matso Kusa

Na san ku sarai. Ku ne idan an kai yaro asibiti da gudawa, malamar asibiti ta miƙo 'yar ledar ORS da ƙwayoyin zinc guda goma, sai ku fito kuna ƙunƙuni: "Wannan ne maganin? Mun kashe kuɗin mota don a ba mu gishiri da sukari? Ai muna da su a gida." Maigida ya gyara zaman hula ya ce yarinyar nan ba ta san aiki ba, a wuce kyamis. Can kuwa mai shago ya san lagonku: allura biyu, Flagyl na ruwa, kafso ja da rawaya a fasa a zuba a koko, in aljihu da nauyi a rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusa. Yaro ya tsala ihu, hankalin kowa ya kwanta. A wurinku maganin da bai sa yaro kuka ba, bai kuma girgiza aljihun uba ba, wasan yara ne.

To, bari in ba ku gaskiyarku, Alhaji. Kun ce ORS ba ya tsayar da zawo. Haka ne, ba ya tsayarwa, kuma ba don haka aka yi shi ba. Yawancin gudawar ƙananan yara ƙwayoyin cuta irin rotavirus ke kawo ta, waɗanda kafso da Flagyl ba sa ko taɓa su, kuma cikin 'yan kwanaki sukan wuce da kansu. Abin da ke ɗauke yaro kafin su wuce shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Kafson da kuke ji da shi, ban da rashin amfani a nan, yana iya rina haƙoran yaro ɗan ƙasa da shekara 8 su daɗe da launin da goro ma bai isa ya yi ba.

Sai ku ce to me zai hana a ɗura masa ruwan randa kawai? Saboda hanjin da ke zawo ba ya tsotsar gishiri yadda ya saba, ruwa kuwa gishiri yake bi ya shiga jini. Amma akwai wata ƙofa a bangon hanji da cutar ba ta rufewa, ita kuma ba ta karɓar gishiri sai ya zo tare da sukari, kamar amarya da ba ta shiga ɗakin miji sai da 'yar rakiya. Sukarin ya ja gishiri, gishirin ya ja ruwa. Sirrin ke nan, kuma masana sun sha wahala kafin su gano shi.

A shekarar 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, miliyoyin mutane suka tsallaka Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu. A sansanin Bangaon, ledojin ƙarin ruwan nan da kuke ƙauna suka ƙare wa wani likitan yara, Dilip Mahalanabis. Sai ya sa aka dinga dama gishiri da sukari a manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Kafin nan kusan 30 cikin 100 ke mutuwa. Bayan nan abin ya sauko ƙasa da 4. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta tura mata gida gida a Bangaladash suna koya wa iyaye haɗin da gishiri da mazarƙwaila, har suka zaga gidaje wajen miliyan 12. A wancan zamani gudawa na kashe yara fiye da miliyan 4 kowace shekara a duniya, yanzu ba ta kai rabin miliyan ba, kuma wannan ruwa da kuke hura wa hanci yana cikin manyan dalilai. Araha ba ta ado, na yarda. Amma wa ya ce muku ado aka zo yi?

Gwaggo, ke ma na hango ki kina taɓe baki. "Haƙori ne, duk yaro sai ya yi, mu da muka raini goma." Allah ya ƙara girma. Amma duba lokacin da haƙorin ke fitowa: wata shida zuwa sama, daidai sa'ad da yaro ya fara rarrafe, aka fara ba shi koko da ruwan tulu, kariyar da ya gado daga jikin uwa ta fara raguwa, dasashi na ƙaiƙayi yana cusa duk abin da ya samu a baki, daga silifas ɗin babansa har kashin kaji. Haƙori shaida ne kawai da ya zo wucewa aka kama shi. Kuma neman maganin haƙori ya taɓa jawo mana makoki: tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, wani ruwan magani mai suna My Pikin, da aka samu gubar diethylene glycol a cikinsa, ya kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar lalata musu ƙoda.

Haka zancen maɗiga. In ta faɗa, sai a kwaɓa magani a shafe tsakar kai da shi. Maɗigar ba ciwo take ba, Gwaggo, sanarwa take yi cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. Ki ba yaron ORS ya sha, ki ga yadda za ta taso da kanta.

Akwai kuma 'yan gyara kayanka. An ce ledar ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, in dai haka aka rubuta a jiki. Uwar gida ta ɗanɗana ta ce ba daɗi, ta ƙara sukari cokali uku don tausayi. Wani ya ce ai lemon kwalba ya fi ƙarfi. Sukari in ya yi yawa, ruwa yake janyowa daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru. A dama yadda aka ce, a ba ɗan ƙasa da shekara 2 rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Nono kuwa kada a kuskura a janye.

Zinc ɗin ne ke rage kwanakin zawon, ya kuma kare yaro na wata biyu zuwa uku masu zuwa. A 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa shi da ORS: ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga ɗan ƙasa da wata 6. Na san halinku, ran kwana na uku yaro ya miƙe yana bin awaki, sauran ƙwayoyin su koma bayan kwalla a ajiye wa ƙaninsa. A ƙarasa su.

Ƙarin ruwa na da ranarsa, kada ku ce ban faɗa ba. In yaro ya kasa sha ko kama nono, ya yi laushi ba ya ko kuka, ido ya zurma, an tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, ko aka ga jini a kashi, to a ruga asibiti ko da tsakar dare ne. Asibiti na ce, ba shagon mai ƙusa a bango ba.

Abin da ke ɗaure mini kai da ku, masoya allura, shi ne akwai wadda ake yi kyauta ranar awo, ta ƙyanda a wata tara, ita kuwa ku ne kan gaba wajen cewa yaron na barci. Tun watan Agusta na 2022 Najeriya ta sa rigakafin rotavirus cikin jerin na jarirai, a sati 6 da 10 da 14. Sai dai ku yi haƙuri, Alhaji, shi ma a baki ake ɗigawa.