Inda Gidan Siminti Ba Ya Cin Bashi

A ƙasar Hausa tambayoyi uku ake yi idan yaro ya turo neman aure. Ɗan gidan wane ne, mece ce sana'arsa, sai ta ukun da iyaye mata suke yi ƙasa-ƙasa bayan maza sun tashi: gidan da zai ajiye yarinyar na siminti ne ko na ƙasa? Biyun farko ana iya yi musu kwaskwarima. Ta ukun kuwa sai an tashi gwaggo takanas ta je ta ƙwanƙwasa bango da hannunta.

To, akwai ƙasar da mutum zai shiga banki neman bashin sayen gida, da albashinsa mai kauri da takardunsa cif, a karɓe shi hannu bibbiyu, har sai ya furta cewa gidan na kankare ne. Nan take ma'aikacin banki zai ajiye biro, ya dube shi da idon ta'aziyya. Ƙasar nan Ingila ce, wadda muke aron salon gini daga wurinta muna tunƙaho.

Su a can ba a tara bulo. Mutum zai ajiye wani kaso na kuɗin gida, galibi 10 cikin 100, banki ya cika sauran, shi kuma ya yi ta biya duk wata har shekara 25 ko fiye. Gidan shi ne jingina. Saboda haka banki bai damu da fentin falo ba, tambayarsa ɗaya ce: ranar da bawan Allahn nan ya gaza, wa zan sayar wa? Sai ya tura safiyonsa ya dubo. Idan ya dawo ya ce bangon jan bulo ne ko dutse, shi ke nan, a sa hannu. Jan bulon nan fa laka ce aka gasa, ƙasar nan dai da muke jin kunyarta. Idan kuwa ya ce kankare ne, sai a fara tone-tonen asali: wane kamfani ya gina, a wace shekara, an taɓa yi masa aiki, ina takardar?

Turawan suna da dalilinsu. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, bama-bamai sun rushe gidaje, sojoji sun dawo suna son aure, ga ƙarancin bulo da birkiloli. Sai gwamnati ta koma ga gidajen da ake zuba ginshiƙansu da allunansu na kankare a masana'anta, a kwaso a mota, a harhaɗa cikin 'yan kwanaki. Wani ɗan kwangila na birnin Leeds, Sir Edwin Airey, shi kaɗai an gina kimanin gidaje 26,000 a kan zanensa, kuma har yau da sunansa ake kiran su. Kowa ya yaba, aka shiga aka tare.

A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan hayar gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da suke ciki a farashi mai rahusa. Talakawa suka yi rububi, kowa ya zama maigida. Murna ba ta gama sauka ba aka gano cewa iska da danshi sun daɗe suna ratsa kankaren a hankali har suka kai ga rodin da ke ciki. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, tana fasa ginshiƙi daga ciki, waje kuwa fes. A 1984 majalisarsu ta yi doka sukutum, aka jera ire-iren gidajen nan aka ce masu aibi ne, gwamnati ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin gyara. Tallafin ya daɗe da ƙarewa, amma sunan ya bi gidajen, kuma bankuna ba sa mantuwa.

Gyaran shi ne a tokare rufi, a cire kankaren, a gina bangon jan bulo a madadinsa, sannan a ba ka takardar shaida. Ka yi gyaran, takarda ta ɓace, a wurin banki ba ka yi komai ba, ko da bangon yana tsaye yana kallonsa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sha'anin maƙwabci. Yawancin gidajen tagwaye ne, bango ɗaya ya raba su, kuma bankuna da dama sai sun ga an gyara na maƙwabci ma kafin su saki sisi. Ka kashe dukiyarka, ka zo da takardarka a leda, a ce maka tsohon da ke ɗaya ɓangaren bai gyara nasa ba. Tsohon kuwa ya ce shi a haka ya shigo, a haka za a fitar da shi. Bature da ba ya gaida maƙwabci sai ga shi da kek a ƙofar gida yana tambayar lafiyar kare.

Idan abin ya faskara, sai dillali ya rubuta a tallan gidan cewa sai mai kuɗi a hannu. A can wannan rubutu alama ce ta gida marar lafiya, mai saye na ganinsa yake karya farashi. A nan wurinmu kuwa kowane gida na mai kuɗi a hannu ne, daga na Alhaji har na ɗan dako.

Ba wai ba mu da tsarin ba ne. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa a Najeriya, ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da bashi a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har shekara 30. Yankan dai kowa ya san shi, yana zuwa a kan lokaci ko ranar Sallah ce. Shiga kowane ofis ka ce wanda ake yanka ya ɗaga hannu, sannan ka ce wanda ya karɓi bashin ya ɗaga, ka ga yadda hannuwa suke komawa aljihu. Banki na son takardar mallaka mai sa hannun gwamna, don dokar filaye ta 1978 a hannunsa ta damƙa ƙasa. Mu kuma takardar filinmu fallen littafin makaranta ce, da hatimin mai unguwa da shaidu huɗu, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya kuma shi ne ya sake sayar wa wani filin.

Sai maganar kuɗin ruwa, wadda gaskiya ce, ba ta wasa ba. Sai dai tun 2012 bankin Jaiz yake aiki ba da ruwa ba, wasu ma sun biyo bayansa, amma Alhaji bai leƙa ba. Yana nan yana wa'azin riba a majalisa, kuɗin aikin birkilansa na wata uku yana aljihunsa.

Saboda haka muka ƙirƙiro namu lamunin. Adashi ya fito, a sayi yashi. Kuɗin hutu ya shigo, a buga bulo. A kai linta, a tsaya shekara biyu, akuyoyin unguwa su tare kafin mai gida. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000, sai masu buga bulo suka ƙara wa buhun albarka, yashi ya yi ta haihuwa. Safiyonmu shi ne Alhaji da kansa. Zai zo da yamma da babbar riga, ya shuri bulo ɗaya da takalmi, ya dubi magini. Magini ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko tirela ce ta buge shi, ita za ta ji jiki." Alhaji ya gyaɗa kai, an gama binciken injiniya.

Ƙarshen aikin shi ne rodin nan da ake bari tsirara a saman gida, suna nuna sama, don duk mai wucewa ya san bene za a ɗora. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa su yanzu yana jami'a. Damina ta doke su, bazara ta gasa su, sun yi ja wur, ruwa yana bin jikinsu yana gangarawa cikin ginshiƙi. Tsatsar da ta sa majalisar Ingila yin doka ita ce muka ɗora a kan rufi muna ado da ita.

Kuma duk wannan wahala don me? Don a gudu daga tubali da azara. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19, masana gini daga ƙasashen waje suke zuwa kallon bakan gizonsa. A yankin Devon na Ingila gidajen laka da ciyawa masu ɗaruruwan shekaru suna nan, masu hali ne suke rububinsu. Mu kuwa mun rushe soron kaka mai sanyi, mun gina akwatin siminti, mun rufa masa kwano, watan Afrilu na kamawa a ɗauke wuta, gida ya zama tanderu, maigida ya kwashi tabarma ya koma tsakar gida yana fifita da murfin kwali. Wanda bai samu halin rushewa ba sai ya yi wa gaban gidan shafen siminti, ya bar bayan a yadda yake, tunda baƙo ba ya zagayawa.

Kai mai rodi a saman gida, da kai nake. Damina ta kusa. Ko dai ka zuba dakin ɗin nan bana, ko ka kira mai walda ya yanke su ka sayar wa 'yan gwangwan, ka biya birkila kuɗinsa.