Masu Sayen Mega a Ajame da Tireshbil

Tun zamanin da kakanninmu suke fatauci zuwa Gwanja, su kai kanwa da baƙi su komo da goro, ba a san Bahaushe da sayen abin da idonsa bai gani ba, domin ko huhun goro ne sai ya sa an kwance ya tona har ƙasa, in kuwa hatsi ne sai ya tsaya a kan mai awo ya ga mudu ya yi tozo. Amma yau ga jikokin waɗannan fatake a Ajame da Tireshbil, cikin birnin Abijan, suna miƙa kuɗinsu kowace safiya ga wani yaro mai laima da ɗan tebur a bakin titi, su sayi wata haja wai ita mega, wato datar salula, wadda ba ta da launi balle nauyi, wadda mai ita yake aunawa da mudunsa, a cikin ɗakinsa, bayan ya kulle ƙofa, sa'an nan ya aiko da ɗan saƙo cikin Faransanci ya ce ta ƙare. Wannan jarraba ba ta bar kowa da halin aro ba, duk wanda ta kama sai ta fito da ainihin ɗabi'arsa fili.

Na farkonsu shi ne mai tsumulmula, wanda galibi dattijo ne mai rumfa a babbar kasuwar Ajame, kuma ba rashi ne ya sa shi haka ba, don yana iya ba da zakkar da za ta sayi salula goma. Fas, wato ƙunshin mega mai wa'adi, na kwana guda yake saye, ya kunna data da bisimilla, ya bari saƙonni su shigo, ya yi maza ya kashe, sa'an nan ya latsa lambobin duba saura, ya rubuta abin da ya gani a bayan kwalin sukari. Wanda duk ya aiko masa da bidiyo ya zalunce shi, ko da wa'azi ne. Azabarsa tana zuwa da dare, sa'ad da ya tuna cewa abin da ya tattala yini guda zai mutu da cikar wa'adi, ba gado ba wasiyya. Sai ka same shi a kan tabarma, ido ya yi ja, yana kallon kokawar Nijar ta shekarun baya, wadda ya san wanda ya yi kaye tun tuni, don kawai kada kamfani ya ci ragowar.

Kishiyarsa saurayi ne mai sayar da rigunan salula a kasuwar Bilak, wanda ya tara ribar mako ya sayi fas ɗin da aka rubuta wa marar iyaka da manyan haruffa, ya kuma shelanta wa duk layinsu cewa shi ya wuce ƙidayar mega. Kwanakin farko sai wanda ya gani: ƙwallo, finafinan Kano, kiran bidiyo zuwa Maraɗi don a nuna masa akuyar da ta haihu. Ana nan wata rana hoto ya tsaya, wata 'yar da'ira ta shiga juyawa a tsakiyar gilashi, ya ɗaga salula sama, ya fita titi, ya hau bene, ya kashe ya kunna, ya zagi rezo, wato sabis, da hadari, har wani mai gyara ya kai yatsa ƙasan takardar talla ya nuna masa ɗan tauraro, da wani rubutu da sai an kanne ido ake karanta shi, inda aka ce in mutum ya kai wani haddi za a rage masa gudu, bisa ƙa'idar amfani da adalci. Ba a yanke shi ba, wannan gaskiya ne. An dai bar shi da abin da ba ya iya buɗe hoton fatiha. Hujjar kamfani ba ta rasa ma'ana, domin eriya guda ce take ɗauke da dubban mutanen da ke cunkushe a tashar Ajame, in mutum ɗaya ya kwashe sauran su rasa. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa alkawari yake samun harafi mai tsawon hannu, sharaɗinsa kuwa ya ɓuya a gindin takarda.

Daga nan sai malaman mas'ala, waɗanda majalisarsu take teburin mai shayi kusa da masallaci a Tireshbil, bayan sallar isha'i. Ɗayansu, wanda ya sauke Risala yana kan Muhtasar, ya yanke cewa cinikin nan fasidi ne, saboda akwai garari a cikinsa, tun da mai saye ya jahilci abin da ya karɓa, ba ya kuma da hanyar sake awo, balle a ce haja ta koma hannun mai ita don rana ta faɗi. Abokin karatunsa ya gyara rawani ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ba bai'i ba ne, ijara ce, hanya aka ba ka haya zuwa ajali ambatacce, in ka ƙi bi har ajali ya cika, laifin wa?" Na farko ya ce in haya ce me ya kawo ƙidayar mega, na biyu ya ce in saye ne me ya kawo wa'adi, aka ja, aka kawo ƙiyasi da rijiya da jirgin ruwa, shayi ya huce, har suka yarda a nemo fatawar malaman Azhar a intanet ta raba gardama, sai ya zamana duk su biyun datarsu ta ƙare tun la'asar, suka juya ga wani almajiri suka ce ya taimaka wa addini.

Wannan taimako shi ne sana'ar ɗan a-jona-ni, wanda salularsa ta fi ta kowa tsada, amma rabonsa da sayen fas tun ranar da ya saye ta. "Yaya, don Allah ɗan jona ni, saƙo ɗaya zan tura wa Inna," in ji shi, da murya mai ban tausayi. Kai kuwa da ka ji an ambaci mahaifiya ka buɗe masa, ba ka san cewa salularsa ta yi wata guda tana jiran wannan rana ba, duk manhajojin cikinta suna son sabuntawa.

Mai layi uku shi ba ya roƙo, dabara ce makaminsa. Tun ranar 31 ga Janairun 2021, da lambobin Kwaddibuwa suka tashi daga takwas suka koma goma, ana gane gidan kowa daga farkon lambarsa, 07 na Orange, 05 na MTN, 01 na Moov; shi kuwa duk ukun yana da su, biyu cikin salula, ɗaya cikin naɗin hula, yana zare su da tsinken tsintsiya gwargwadon wanda ya yi garaɓasa a ranar. Ya fi kowa sanin farashi, amma ba mai samunsa a waya, musamman wanda yake bin sa bashi.

Wanda na fi tausayi shi ne mai ƙara, ko in ce yaron da yake fara sauke wa fushinsa. Mai ƙarar zai zo gaban laima ya dangwara salula a tebur ya ce, "Kai yaro, jiya-jiya na ba ka jaka guda, ina ta tafi?" Yaro ya ce, "Baba, ni turawa kawai nake yi, ga saƙon shaida nan ya shigo maka," shi kuwa ya rantse ba zai gusa ba sai an fito masa da megarsa, jama'a su taru, mai sayar da abincin garba ya bar kifinsa a wuta ya zo rabo. Daga nan ya kira lambar kamfani, wata murya ta ce ya latsa ɗaya, ya latsa biyu, ta sa masa kiɗa. Kashegari ya sa babbar riga ya hau motar haya ta gbaka zuwa ofishinsu, ya karɓi 'yar takardar layi, ya zauna cikin sanyin na'ura har sunansa ya zo, aka tambaye shi katin shaida, sai ga shi layin da sunan wani ɗan ƙanensa aka yi masa rajista, wanda ya koma Tawa noma tun shekaru. Aka kuma sanar da shi, cikin ladabi, cewa ya riga ya amince da dukan sharuɗɗa ranar da ya latsa "na yarda". Akwai hukumar da aka kafa don sa ido a kan kamfanonin, wato ARTCI, wadda take karɓar koke-koken masu saye, amma mai ƙara ya fi son yanke hukunci a majalisa, inda ba a tambayar katin shaida.

Sau ɗaya na san waɗannan jinsuna duka sun haɗa baki. A watan Janairun 2023 hukumar nan ta sa ƙa'ida cewa kada a sayar da mega ƙasa da faran 0.8, wato mega dubu ba ta sauka ƙasa da dalar sefa ɗari da sittin. Ranar Juma'a 7 ga Afrilu, ana tsakiyar azumi, mutane suka wayi gari kamfanonin uku sun rage yawan megar da ke cikin fas, kuɗi kuwa yana nan yadda yake, suka ce umarnin hukuma suka bi. Ko malaman Tireshbil ba su yi saɓani ba a wannan karo, duka suka ce tauye mudu ne. Gari ya ɗauki zafi, gwamnati ta bakin minista Amadou Coulibaly ta ce a koma tsohon farashi, Assalé Tiémoko kuwa, ɗan majalisa kuma magajin garin Tiassalé a lokacin, ya kira jama'a su ƙaurace wa layukan ranar Talata 11 ga wata, daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu.

A nan ne jarumin ƙauracewa ya bayyana, wanda ya kwana yana tura sanarwa ga kowace ƙungiyar WhatsApp, ya ƙone fas biyu wajen kiran mutane kada su sayi fas, da lokaci ya yi kuma ya bar datarsa a kunne don ya ga maciya amanar da ba su kashe tasu ba. Masu azumi da yawa sun cika sa'o'in nan biyu cikin barcin ƙailula, suka farka aka yi musu barka da jihadi. Da aka je wa dattijon nan mai kwalin sukari da batun, ya ɗaga kai daga lissafinsa ya ce, "Ku yanzu kuka fara?"