Ruwan Indararo Ma Da Mai Shi

Na ga ka fara murmushi. To, haɗiye dariyarka tukuna. A jihar Kolorado ta Amurka, kafin 2016, yawancin masu gida ba su da ikon kafa duro a ƙarƙashin indararo su tari ruwan sama. Doka ce ta hana.

Ka ce shara ta nake yi? Ka ce ruwan Allah ne, wa ya isa? Malam, Allah ne ya saukar, amma tun ƙarni na 19 mutanen can suka rabe shi a takarda. Ƙasa ce busasshiya, masu haƙar zinariya da manoma suna ta rigima kan rafuka, sai aka yanke cewa wanda ya riga fara amfani da ruwan kogi shi ke da haƙƙi, ko da gonarsa tana can nesa a gangare. Ɗigon da ya faɗo kan kwanonka matafiyi ne, wani manomi da bai san da zamanka ba yana jiransa riƙe da takardar kakansa. Kai kuma ka tare masa hanya da bokiti. Ɓarawon ruwa kawai!

Ka ce ai bokiti ba ya ƙafar da kogi? Nan kam ka yi gaskiya, kada dai kanka ya kumbura. Wani bincike a gundumar Douglas a 2007 ya nuna kusan kashi 97 cikin ɗari na ruwan da ke sauka a can ba ya ma kaiwa rafi: rana ta sha, tsirrai su sha. Duk da haka sai da aka ƙara shekara tara kafin majalisa ta sakko. Yanzu an yarje maka duro biyu, galan 110 gaba ɗaya, da murfi, kuma don ban-ruwan shuke-shuken gidanka. Ka ɗiba ka dafa shayi, ka taka doka.

Ka ce ƙoshi ne ya yi musu yawa? Je ka Haɗeja ko Nguru ka faɗi haka, inda ruwan da ke cika fadama ya ragu bayan an kammala dam ɗin Tiga a 1974. Su sun san na sama kan shanye rabon na ƙasa.

Idan kuwa lalaci ne ya sa kake barin naka ya bi lambatu, kada ka kuskura ka gina gida a Tamil Nadu ta Indiya. Can tun 2003 rashin tarawar ne laifi, har a yanke maka famfo.